Tsarin Tsallake Rana Wajen Cin Abinci Domin Rage Ƙiba: Bayani Ga Al'ummar Wurno, Rabah Da Goronyo

Tun da wayar hannu mai intanet ta wadata a birni da ƙauye, shawarwari iri-iri kan rage ƙiba suke ta yawo a Facebook da WhatsApp. Ɗaya daga cikinsu ita ce shawarar da ke cewa mutum ya ci abinci yadda ya saba yau, gobe ya taƙaita cinsa ƙwarai, jibi ya koma kamar yau, haka dai har nauyinsa ya sauka. Saboda tsarin ya yi kama da azumin nafila da al'ummarmu ta sani, mutane da dama suna ɗaukarsa abu mai sauƙi wanda ba ya buƙatar shawarar kowa. Mun ga ya dace mu kawo wa jama'ar ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo bayanin abin da binciken likitoci ya tabbatar a kansa. Taƙaicen bayanin shi ne tsarin yana rage nauyi, amma bai fi rage cin abinci kaɗan-kaɗan a kullum ba in an daɗe ana yi, ya kuma fi wuyar riƙewa, sannan akwai mutanen da zai iya cutarwa.

Yadda tsarin yake

Ƙarfin da abinci ke bai wa jiki ana auna shi ne da ma'aunin da ake kira kalori. Baligin da ba ya aikin ƙarfi yana buƙatar kimanin kalori 2,000 zuwa 2,500 a rana, gwargwadon jinsi da shekaru da girman jiki. Idan abin da ya ci ya zarce abin da jiki ya ƙona, rarar takan zama kitse. Idan kuwa ya gaza, sai jiki ya ɗebo daga ajiyarsa ya cike giɓin. Duk wani tsarin rage ƙiba a kan wannan lissafi yake tafiya, ko da wane suna aka ba shi.

Tsarin tsallake rana iri biyu ne. Akwai mai tsanani, wanda a ranar ragi ba a cin komai sai ruwa da shayi marar sukari. Akwai kuma mai sassauci, wanda shi ne aka fi gwadawa a asibitoci, inda a ranar ragi ake cin kashi ɗaya cikin huɗu na buƙatar jiki, wato kimanin kalori 500, galibi a zama ɗaya da rana. Domin a gane ƙanƙantar wannan adadi, dafaffen ƙwai biyu kalori 150 ne, kofi ɗaya na dafaffen wake kimanin 200, lemon zaƙi ɗaya kimanin 60. Idan aka haɗa da ɗan kwaɗon zogale ko rama wanda ba a cika wa ƙuli-ƙuli da mai ba, to abincin ranar ya ƙare ke nan. Babu tuwo, babu fura, babu masa.

A ranar farko jiki yana fara amfani da sukarin da ya adana a hanta da tsoka. Wannan ajiya tana riƙe da ruwa mai yawa, kusan ninki uku na nauyinta, saboda haka da ta ragu sai ruwan ya fita ta fitsari. Wannan ne dalilin da ya sa mai farawa yakan ga kilo ɗaya ko biyu sun tafi cikin mako guda, ya yi ta murna, alhali akasarinsu ruwa ne. Kitse ba ya tafiya da sauri haka. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700, don haka wanda ke rage kalori 500 a kowace rana zai yi kusan mako biyu kafin ya zubar da kilo guda na ainihin kitse.

Abin da bincike ya nuna

Gwaje-gwajen farko ƙanana ne. A shekarar 2005 masu bincike a cibiyar Pennington da ke jihar Luwiziyana ta Amurka sun sa mutum 16 marasa ƙiba sun bi tsarin mai tsanani na kwana 22. Nauyinsu ya ragu da kimanin kashi 2.5 cikin ɗari, amma yunwar ranar ragi ba ta lafa ba har aka gama. A 2007 wani likita mai suna James Johnson da abokan aikinsa suka gwada tsarin mai sassauci a kan mutum 10 masu ƙiba da ciwon asma na mako takwas, aka samu raguwar kimanin kashi 8 cikin ɗari na nauyi. Sai dai mutum goma ba su isa a gina hukunci a kansu ba, kuma babu wani rukunin da aka kwatanta su da shi. Sunan irin waɗannan tsare-tsare ya ƙara bazuwa a duniya bayan wani shirin talabijin na BBC da Dokta Michael Mosley ya gabatar a 2012.

Gwajin da ya fi amsa tambayar shi ne wanda aka gudanar a Jami'ar Ilinoi da ke Shikago ƙarƙashin jagorancin Farfesa Krista Varady, wanda aka buga sakamakonsa a 2017. An ɗauki mutum 100 masu ƙiba aka raba su uku, aka bi su shekara guda. Rukuni na farko yana cin kashi 25 cikin ɗari na buƙatarsa a ranar ragi, washegari ya ci kashi 125. Rukuni na biyu yana cin kashi 75 a kowace rana. Na uku bai sauya komai ba. Mai karatu zai lura cewa a cikin kwana biyu rukuni na farko da na biyu abinci ɗaya suke ci: wanda buƙatarsa 2,000 ce, in ya ci 500 yau da 2,500 gobe ya ci 3,000, haka nan in ya ci 1,500 yau da 1,500 gobe. Tambayar ita ce ko yadda aka rarraba abincin yana da wani tasiri na daban.

Bayan wata shida rukunonin biyu sun yi kunnen doki, kowanne ya rage kashi 6.8 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda ba su sauya komai ba. Da shekara ta cika, masu tsallake rana suna da kashi 6.0, masu ragi kullum kuma 5.3, bambancin da masu binciken ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Inda aka ga bambanci shi ne wajen juriya: kashi 38 cikin ɗari na masu tsallake rana sun janye kafin a gama, masu ragi kullum kuwa kashi 29. Waɗanda suka daure ma ba su tsaya a kan ƙa'ida ba, domin a ranar ragi sukan ci fiye da abin da aka yanka musu, a ranar ci kuma su kasa cinye nasu, har tsarin nasu ya riƙa komawa kamar na ɗaya rukunin. Bugu da ƙari, a ƙarshen shekara an ga nau'in kitsen jini mai toshe jijiya ya ɗan hau a jikin masu tsallake rana fiye da na masu ragi kullum.

Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Bath ta Ingila, aka buga a 2021, ya ƙara wani haske. A cikin mako uku, mutane marasa ƙiba da suka rage abinci kullum sun sauke kimanin kilo 1.9, kusan dukkansa kitse. Waɗanda suka bi tsarin mai tsanani da adadin abinci iri ɗaya sun sauke kilo 1.6, amma kimanin rabi ne kawai kitse, sauran daga tsoka da makamantanta ya fita. Ga manomi ko lebura, asarar tsoka asarar jari ce. A 2025 kuma mujallar likitoci ta BMJ ta tattara gwaje-gwaje 99 da suka ƙunshi fiye da mutum 6,500, ta gano cewa tsallake rana yana ɗan gaba da ragi na kullum da kimanin kilo 1.3, amma a gajerun gwaje-gwaje ne aka ga wannan rata, a waɗanda suka kai wata shida ko suka wuce ba ta fito ba.

Bambancinsa da azumin ibada

Yin azumi yau a sha gobe ba baƙon abu ba ne a wannan yanki mai tarihin ilimi, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa a Wurno, inda kuma aka yi masa makwanci a 1837. Shi kansa Sarkin Musulmi Bello ya yi rubuce-rubuce kan magani, ciki har da na ciwon basir da na ido, abin da ke nuna cewa malamanmu na farko ba su raba kula da addini da kula da jiki ba. Kowane ɗalibin ilimi ya san azumin Annabi Dawuda, Alaihis Salam. An kuma ruwaito a Bukhari da Muslim labarin sahabi Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, Allah Ya yarda da shi, wanda ya so ya riƙa azumi kullum, Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya nuna masa hanyoyi masu sauƙi, shi kuwa yana neman ƙari, har aka tsayar masa da iyaka a kan azumin Annabi Dawuda. Da tsufa ya zo masa, ya yi fatan da ya karɓi rangwamen tun farko. Hukuncin niyya da lada na malamai ne, su ya kamata a tambaya. Abin da ya shafe mu a nan shi ne ko a ibada wannan mataki shi ne ƙololuwa, ba a fara da shi.

Ta fuskar jiki kuwa, abubuwan biyu sun sha bamban. Mai azumi yana barin ci da sha daga alfijir zuwa faɗuwar rana, kimanin awa 13 zuwa 14 a ƙasarmu, sannan ya yi buɗa-baki ya ci yadda ya so. Mai tsarin tsallake rana yana shan ruwa duk yini, abinci ne kawai yake taƙaitawa har washegari. Don haka mutum zai iya yin azumin nafila wata da watanni nauyinsa bai motsa ba, muddin da magariba zai tara kunu mai sukari da ƙosai da soyayyen dankali, ya bi da tuwo, ya rufe da fura. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama kan watan Ramalana ya nuna cewa a matsakaici mutane kan rage kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma yawanci yakan dawo cikin 'yan makonni bayan salla. Babban haɗari shi ne mutum ya haɗa biyun, ya bar ruwa duk yini kamar mai azumi, ya kuma hana kansa abinci da dare, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin salshiyos.

Wa ke da buƙatar rage nauyi?

Wannan tambaya ita ce ta fi muhimmanci a yankinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba. A Nijeriya, binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya samu kashi 28 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 da nauyin da ya wuce kima, kashi 12 kuma da rama. Binciken ya kuma nuna kashi 58 cikin ɗari na matan ƙasar suna da ƙarancin jini, kuma Jihar Sakkwato tana sahun gaba a wannan matsala, kamar yadda take cikin jihohin da tsumburewar yara ta fi yawa. Ma'ana, a garuruwa da ƙauyukan gabashin Sakkwato waɗanda abinci bai ishe su ba sun fi waɗanda ya yi wa yawa, balle iyalan da matsalar tsaro ta raba da gonakinsu a 'yan shekarun nan. Wannan bayani ba su ake nufi da shi ba.

Duk da haka ƙiba tana nan a cikinmu, kuma an san inda take taruwa: ma'aikacin da ke wuni a kujera a sakatariya, ɗan kasuwar da ke zaune a rumfa a Achida daga safe har la'asar, direba, da uwargidan da kowace haihuwa ke bar mata kilo biyu ko uku. Al'ada ma ba ta taimaka ba, domin har yanzu ana kallon teɓa a matsayin alamar hutu da wadata, wanda ya faɗa kuwa sai a dinga tambayarsa ko lafiya. Har akwai masu sayen ƙwayoyin sha-ka-fashe don su yi jiki, alhali wasunsu magunguna ne masu tara ruwa a jiki, masu tayar da hawan jini da sukari.

Ido ba ma'auni ba ne, gara a auna. Ma'aikatan asibiti suna amfani da lissafin da suke kira BMI: a raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita wanda aka ninka da kansa. Wanda tsawonsa mita 1.65 ne, nauyinsa kilo 82, zai raba 82 da 2.72, ya samu 30. Ƙasa da 18.5 rama ce, daga nan zuwa ƙasa da 25 daidai ne, 25 zuwa ƙasa da 30 nauyi ya wuce kima, daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce. Akwai kuma awon ƙugu da tef ɗin tela, a daidai saman ƙashin kwankwaso: in ya wuce santimita 94 ga namiji ko 80 ga mace, haɗarin ciwon sukari da hawan jini ya fara ƙaruwa. Ba a buƙatar mutum ya koma kamar yadda yake yana saurayi. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, wato kilo 4 zuwa 8 ga mai kilo 82, ya isa ya sauƙaƙa hawan jini da sukari da ciwon gwiwa.

Waɗanda bai kamata su gwada ba

Na farko su ne masu ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyi irin su glibenclamide. Waɗannan magunguna suna sauke sukarin jini ko an ci abinci ko ba a ci ba. Idan mai shansu ya wuni da kalori 500, sukarinsa zai iya faɗuwa ƙasa da 70 a ma'aunin na'urar gwaji, ya fara gumi da rawar jiki da ruɗewa, har ya kai ga suma. A ƙauyen da ke nesa da asibiti wannan kan iya zama ajali. Wanda ya ji waɗannan alamu ya sha ruwan sukari nan take, kada ya jira. Masu shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari su ma suna iya samun jiri da faɗuwa in sun miƙe tsaye. Babu wanda ya kamata ya rage ko ya daina maganinsa da kansa don ya dace da tsarin abinci.

Haka nan mai juna biyu da mai shayarwa, da yara da matasan da ba su kai shekara 18 ba, da tsofaffi masu rauni, da masu gyambon ciki, da masu amosanin jini, da masu ciwon ƙoda ko hanta, da mai shan maganin tarin fuka, da wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ko taifot ba. Muna jan hankalin iyaye musamman kan 'yan mata masu shirin aure, waɗanda kan ƙuntata wa kansu abinci a ɓoye alhali ba su da wata ƙiba, ga kuma ƙarancin jini da yawancinsu ke ɗauke da shi.

Sai kuma masu aikin ƙarfi. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan kogin Rima a 1984, noman rani ya ƙara kafuwa a wannan kwari, kuma fadamun Wurno da Goronyo sun yi suna wajen shinkafa da albasa da tafarnuwa. Mutumin da ke wuni yana ban-ruwa ko dashe ko ɗaukar buhuna buƙatarsa kan haura kalori 3,000 a rana. Irin wannan da wuya a same shi da ƙiba, in ma yana da ita, lokacin aiki ba lokacin gwada yunwa ba ne. Direbobi da 'yan kabu-kabu ma su yi hattara, domin jiri a kan hanya ba su kaɗai zai shafa ba.

Ga wanda ya dace kuma ya zaɓi gwadawa

Baligi mai ƙiba wanda ba ya cikin waɗanda aka lissafa, ya fara da zuwa asibiti ko cibiyar lafiya mafi kusa a auna masa nauyi da hawan jini da sukari, ya rubuta sakamakon da kwanan wata. Ya ɗauki tsarin mai sassauci, kuma ya fi kyau ya fara da rana biyu a mako kafin ya ƙara. A ranar ragi ya sha ruwa sosai, ya zaɓi abin da ke riƙe ciki kamar wake da ƙwai da kifi da nono marar sukari, da ganye irin su zogale da yakuwa da lalo, da gurji da tumatir. Ciwon kai da kasala da saurin fushi da taurin bayan gida abubuwa ne da aka saba gani a makonnin farko. Amma in an kai ga suma, ko bugun zuciya, ko ciwo mai tsanani a saman ciki ta dama, a dakata a ga likita, domin saurin ramewa kan haifar da tsakuwa a matsarmama.

Ranar ci ita ce inda akasari ake tufka da warwara. Wanda ya wuni jiya da yunwa yakan ji kamar yana bin cikinsa bashi. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, kwalbar lemon kwalba ta santilita 35 kimanin 150 ce, tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi tara. Da 'yan irin waɗannan, wahalar jiya ta tafi a banza. Akwai kuma wahalar da ba a faɗa a saƙonnin waya, wato a gidajenmu tukunya ɗaya ake ɗorawa, a kwano ɗaya ake ci, ga suna da biki da baƙi, kuma ƙin cin abincin da aka kawo wa mutum abu ne mai nauyi a al'adarmu. Wanda zai ce ba ya ci rana uku ko huɗu a kowane mako yana buƙatar fahimtar iyalinsa.

Saboda haka a ganinmu, ga mafi yawan masu ƙiba a yankin nan, hanyar ragi kaɗan a kullum ta fi dacewa da yadda muke rayuwa. A rage malmalar tuwo a ƙara miyar ganye, a rage man da ake zubawa a kan abinci, a rage sukarin shayi da koko da fura, a bar lemon kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kimanin giram 50 a rana, gishiri kada ya kai giram 5, sannan a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wanda tafiya da sauri ta rabin awa sau biyar ta wadatar.

Game da shayi da garin magani da ake tallatawa a kasuwanni da motocin lasifika da sunan narkar da teɓa, da yawansu filasko ne ko makamancinsa, gudawa suke sawa, abin da ke fita kuwa ruwa ne da gishirin jiki. Haɗa su da ranar ragi a lokacin zafi yana iya taɓa ƙoda. Kada a sha abin da ba shi da lambar rajistar hukumar NAFDAC, mai lambar ma a nuna wa ma'aikacin lafiya tukuna.

Kowace hanya aka bi, a riƙa hawa sikeli sau ɗaya a mako, da safe kafin a ci komai, a kan sikeli guda. Saukar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ita ce daidai. Bayan wata uku a koma inda aka yi awon farko da takardar a hannu, a sake auna nauyi da ƙugu da hawan jini da sukari, domin mai shan magani wanda nauyinsa ya sauka yana iya buƙatar likita ya daidaita masa adadin da yake sha.